Baba Saiti da Hoton da Ba Shi da Sama

Duk wanda ya san Baba Saiti ya san ba a gaisawa da shi ido cikin ido. Kana yi masa sannu yana amsawa, amma idonsa yana can bayan kafaɗarka, a kan kalandar da ke bango. Kafin ka kai ga tambayar iyali ya miƙe, ya sa ɗan yatsa ya taɓa gefenta. "Ba ta yi saiti ba," zai ce, sannan ya dawo ya ƙarasa gaisuwar kamar ba abin da ya faru. An ce ya taɓa yin haka a asibiti da ƙarin ruwa a hannunsa, ya jawo sandar robar har bakin agogon bango, sai da nas ta daka masa tsawa. Daga nan sunan ya manne masa, na ainihin kuwa ya bi ruwa.

Ƙuruciyarsa duk a shagon firam ta ƙare. Ya yanka gilashi, ya haɗa katako, ya saka hotunan ango da amarya da na yaran da suka gama makaranta. A wancan zamanin hoto yana da kai yana da ƙafa, ba sai an gaya maka ina ne sama ba: inda hula take, nan ne. Da mai shagon ya rasu sai ɗansa ya gaje shi, yaron da Baba Saiti ya sha ɗauka a wuya yana zagaya teburin aiki da shi. Yaron ya girma, ya sa tabarau, ya ce a riƙa ce masa Manaja. Shi ne ya kwashe gilasan, ya kawo injin gasa hoto a kan ƙarfe.

Aikin ba wuya a ido. A buga zanen a takarda, a kifa takardar a kan fallen alminiyom mai sheƙi, a danne su cikin injin da ke huci kamar dutsen guga na ƙattai. In an ɗaga, a ɓare takardar, launin ya shige cikin ƙarfen, ba gogewa ba koɗewa. Abin da ya ɗaure wa Baba Saiti kai shi ne irin zanen da ake bugawa. Ba mutum, ba dabba, ba ko bishiya. Launi ne kawai, wani a kwance, wani a tsaye, wani a watse, kamar an yi dambe a shagon fenti kowa ya gudu. Manaja ya ce kwafin aikin manyan masu zane ne, kuma masu sababbin gidaje shi suke so a falo. Baba Saiti bai ja da shi ba. Ya dai tambayi abu ɗaya:

"To ina ne samansa?"

Manaja ya yi dariya, ya ɗauki alƙalami ya zana 'yar kibiya a bayan ƙarfen. Tun daga ranar suka raba aiki: gaban hoto na Manaja, bayansa na Baba Saiti. Shi zai bi kibiya ya manna guntun katakon da ake ratayawa da shi, ya naɗe hoton a bargo, ya kai gidan mai shi, ya huda bango, ya ɗora. Yana da ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, amma don shaida kawai yake fito da shi. Ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Gidajen da ya shiga ba su ƙirguwa. Ya san falon da ake zama da wanda ake ajiyewa don baƙi, ya san bangon da ke cin ƙusa da wanda ke tofo ta. Sai dai duk inda ya shiga a tsaye yake fitowa. A miƙo masa ruwa a kofi yana kan tsani, a ce "kai, ya yi kyau," a riƙe masa ƙofa. Ba wanda ke ce wa mai ƙusa ya zauna, shi ma bai taɓa sa ran a ce ba. A ransa akwai wata doka da ba wanda ya kafa masa: gidan da ba a kira ka aiki ba, ba ka da abin yi a ƙofarsa.

Nasa ɗakin yana ƙarshen wani dogon baranda a gidan haya. Gado, kujera ɗaya, rediyo, risho a lungu. Bangon kuwa fayau, domin mai gidan ya hana buga ƙusa, Baba Saiti kuma ya ce hakan ya fi masa, wanzami ba ya son jarfa. Abin da kawai ke rataye shi ne madubin matarsa, a kan ƙusar da suka tarar tun shigowarsu. Marigayiyar tana da wata dabara. In sun saɓa ya ɗaure fuska ya ƙi magana, ba ta ba shi haƙuri, ba ta kuma neman ya ba ta. Sai ta wuce ta gaban madubin ta ɗan ture shi da gwiwar hannu. Zai daure, ya daure, ya kalli rufi, ya kalli ƙasa, ƙarshe ya miƙe ya gyara yana mita, mitar kuma ita ce farkon hira. Tun da ta rasu madubin yake tsaye cak, ba wanda ya ƙara taɓa shi. 'Yarsu tilo tana aure a nesa. Takan kira a ƙarshen mako, yara na ihu a bayanta, ta ce, "Baba ka ci abinci? Baba ka sha maganinka? Baba bari in kashe, tukunya za ta ƙone."

Wata ranar aiki Manaja ya miƙo masa wani babban hoto, shuɗi da ruwan toka, da wani layi rawaya da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, da ɗigon ja guda ɗaya kamar an yi kuskure. Wani ne ya saya ta waya daga inda yake aiki, ya ce a kai wa mahaifinsa. Gidan a saman bene yake, can hawa na ƙarshe. Wanda ya buɗe ƙofar tsoho ne dogo da sanda, ya girmi Baba Saiti nesa ba kusa ba, tsohon direban babbar mota wanda gwiwa ta sauke shi daga kan sitiyari, daga baya kuma ta hana shi sauka daga benen.

Ya tsaya yana kallo ana kwance bargon.

"Shi ke nan hoton?"

"Shi ne, maigida."

"An gama shi kuwa, ko a hanya ya zube?"

"Haka ake yayi yanzu."

"Uhm. Na ce wa yaron nan ya turo min jikokina in gani, sai ya turo min kwanon rufi. Wai in riƙa kallo, yana kwantar da hankali. To rataya, mu ga ko zai kwanta."

Baba Saiti ya rataya, ya ɗora ma'auni, ƙwayar iska ta tsaya a tsakiya kamar an kira sunanta. Ya naɗe bargonsa ya sauka.

Ba a rufa mako ba waya ta yi ƙara a shago. Direba ne, wai an rataya masa hoto a kife. Manaja yana da alƙawarin gyara kyauta in an samu matsala, don haka ya ce Baba ya leƙa. Baba Saiti ya hau benen ransa a ɓace, domin tun da yake ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya sauke hoton ya nuna kibiya.

"Ka gani, maigida? Nan ne sama."

"Wa ya zana kibiyar?"

"Manaja."

"Manajan naku ya taɓa tuƙa mota da kaya cikin ruwan sama? Kalli nan, malam mai ƙusa. Wannan rawayan layin titi ne. Wannan tokar hadari ne. Jan nan fitilar bayan motar da ke gabanka ce. Ka taɓa ganin titi a sama, hadari a ƙasa? Sai dai in ka riga ka kife, ni kuma ban taɓa kifewa ba."

Juya irin wannan hoton ba a bango ake yi ba. Sai an kwantar da shi rub da ciki a kan bargo, a sa wuƙa a ɓamɓare katakon, a kankare tsohon gam, a shafa sabo a ɗaya gefen, a danne da abu mai nauyi. Direba ya nuna wani tsohon jak na ɗaga mota a bayan ƙofa, wanda ya ce shi kaɗai ya rage masa daga motar. Suka ɗora shi.

"Yanzu sai me?"

"Sai gam ya kama."

"Yana daɗewa?"

Gaskiyar magana, gam ɗin Manaja kafin ka ɗaure takalmi ya kama. Baba Saiti ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ga tsohon ya riga ya jawo kujera da ƙugiyar sandarsa, ya turo ta gabansa.

"Yakan ɗan ɗauki lokaci," ya ji bakinsa ya ce.

"To zauna mana, ka tsaya min a ka kamar ɗan sandan hanya."

Ya zauna a bakin kujerar, jakarsa a cinya, kamar mai jiran likita. Direba ya zuba shayi daga fulas, ya fara ba shi labarin wata gada da ya taɓa hayewa da birki ɗaya. Kafin gam ya kama, wato kafin fulas ya ƙare, an haye gadar, an yi faci a daji, an kori wani yaron mota mai barci a kan taya, Baba Saiti kuma ya yi dariyar da har shi kansa sai da ya waiga ya ga ko wani ne.

Bayan ɗan lokaci aka sake kira. Direba ya ce ya yi nazari, ashe ba titi ba ne, sandar fitilar kan hanya ce, a tsaye ya kamata layin ya kasance. Aka kwantar da hoto, aka ɗora jak, aka jawo kujera. Da aka ƙara kira kuma, sandar fitilar ce dai, amma a hannun dama take, ba hagu ba. Daga nan aka koma titi. Bayan ƙarfen ya cika da kankara kamar allon yankan nama, gam kuma kullum sai ƙara nawa yake wajen kamawa. Wani lokaci har inuwar taga ta bar ƙasa ta hau bango bai gama ba.

A cikin wannan zaman ne Baba Saiti ya fara kallon gaban hoto, abin da bai taɓa yi ba tun zuwan injin. Wata rana suna gardama Direba ya ce, "To kai me ka gani? Kullum sai ka ce kibiya, kibiya, kamar maharbi." Baba Saiti ya daɗe yana kallo.

"Igiyar shanya ce," ya ce. "An kwashe kaya saboda hadari, an manta da ɗankwali ɗaya."

"Na wa?"

Baba Saiti ya ɗaga kofinsa ya kurɓa. Direba ma bai sake tambaya ba, ya dai ƙara masa shayi, ya ce sukarin yau kamar ya yi kaɗan.

Sabo turken wawa, in ji masu magana. Baba Saiti ya fara aske gemu a ranakun da yake jin za a kira. In wayar shago ta yi ƙara yakan bar abin da yake yi ya kasa kunne. Manaja kuwa ba yaro ba ne, ya lura. Ranar da ɗan Direba ya kira da kansa yana ba da haƙuri, yana cewa tsufa ne, a daina biye wa mahaifinsa, Manaja ya shiga bayan shago ya fito da wani firam na katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe da wurin ratayawa.

"Baba, ga maganin abin. Ka manna masa wannan. Duk ta inda ya ga dama ya juya da kansa, ko sau goma a rana. Kai ma ka huta da hawan benen nan, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

"Ban ce na gaji ba."

"Na sani, Baba. Amma aiki yana jira a nan. Daga yau an rufe maganar gidan can."

Da Baba Saiti irin mutanen nan ne masu dabara, da ya rage gam, ko ya manna firam ɗin a karkace yadda dole a neme shi. Ya yi wannan tunanin a kan matakala, har ya tsaya ya huta a kansa. Amma hannunsa bai iya mugun aiki ba. Ya manna shi tsaf, ya rataya, ya nuna wa Direba yadda ake ɗagawa a juya a mayar, ba nauyi, ko da hannu ɗaya.

"Wato yanzu ba sai na kira ka ba."

"Ba sai ka kira ba."

"An ci gaba," in ji Direba. Ya kalli jak ɗin, ya kalli kujerar. "To, a gaida Manaja. A ce masa yana da kai."

Ranar ba su shanye fulas ba.

Wayar shago ta ci gaba da ƙara, amma ta wasu ce. Baba Saiti ya koma shiga falo a tsaye yana fita a tsaye. In aiki ya bi da shi ta titin su Direba yakan rage tafiya, ya ɗaga kai ya kalli tagar can sama, labule a sake, sannan ya wuce. Me zai ce in ya hau? Ba a kira shi ba. Hoto lafiya lau yake, shi ya san haka fiye da kowa, shi ya yi aikin. A ɗaki yakan dafa shayi a risho, ya zuba, ya ga kofin ya yi masa yawa. Rediyo na ta magana ba ta jiran amsa. Har madubin ya taɓa tsayawa yana duba ko ya ɗan motsa. Bai motsa ba.

'Yarsa ta kira a ƙarshen wani mako, ta ji muryarsa wani iri.

"Baba, wai ba ka da inda kake zuwa ne in ba shago ba?"

"Ni? Na fi likita shiga gidajen mutane."

"Wannan aiki ne. Ina tsohon nan da kake ba ni labari, mai jak?"

"An gama aikinsa."

"To sai me? Shi mutumin ma an gama shi ne? Baba, zumunta a ƙafa take. Kai, sauka daga nan kafin ka faɗo! Ba da kai nake ba, Baba. Bari in kashe."

Washegari ranar hutu ce, shago a rufe. Ya aske gemu, ya sa rigar da yake ajiyewa, ya bar jakar aiki a ƙarƙashin gado. Ya kai tsakiyar baranda ya ji hannunsa wayam, kamar ya fito ba takalmi. Ya koma ya zaro ma'aunin nan mai ƙwayar iska ya zura a aljihu. A hanya ya shirya abin da zai faɗa, ya maimaita shi a kowane hawa na benen, ya ƙwanƙwasa kafin zuciyarsa ta ba shi shawarar juyawa.

An daɗe kafin sanda ta fara ƙwas-ƙwas daga ciki. Direba ya buɗe. Ya ɗan rame, rigarsa a yamutse.

"Shago ne ya aiko ni," in ji Baba Saiti da sauri. "Zagaye muke, muna duba ayyukan da muka yi."

"Yau shagon naku yake buɗewa?"

"E to. Ni nake buɗewa."

Direba ya kauce daga ƙofa. Baba Saiti ya shiga, idonsa ya tafi inda ya saba zuwa, ya ji kamar an taka masa yatsa. Hoton ya karkace, ba kaɗan ba, titin Direba ya zama gangara. A bango kuma, daidai ƙarƙashin kusurwar hagu, ga baƙin tabo nan birjik, zagaye-zagaye, girman robar da ke ƙasan sandar tsohon. Wasu sababbi, wasu har sun fara dishewa.

"Da kansa yake yi," in ji Direba yana kallon taga. "Aikin zamani. Na so in kira, yaron nan nawa ya ce in bar mutane su yi aikinsu."

Baba Saiti ya kalli tabon, ya kalli sandar. Ya san wannan gwiwar hannun, irin ta matarsa ce, ya zauna da ita shekara da shekaru.

"Ba za ka gyara ba?"

Yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Ya tura su cikin aljihu.

"Ba a taɓa ƙarfe da gaggawa," ya ce. "Sai ya saba da mutum tukuna."

Ya jawo kujerar da kansa. Direba ya ɗauko kofi na biyu daga can cikin kabad, ya hure ƙurarsa, ya ɗauraye. Suka zauna a ƙarƙashin karkataccen hoton, Baba Saiti ya ba shi baya don kada ya shiga uku, duk da haka yana jin sa a ƙeya kamar rana. Aka sake haye gadar nan da birki ɗaya, wannan karon ruwa ya fi yawa, gadar ma ta ƙara tsawo. Shi ma ya ba da labarin madubi, a taƙaice, yana kallon cikin kofi. Direba ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta iya tuƙi."

Da inuwar taga ta hau bango ya miƙe. Ya kama hoton da hannu biyu, ya daidaita, ya ɗora ma'auni, ƙwayar iska ta zo tsakiya ta tsaya. Direba ya kwashi kofuna ya nufi wurin wanke-wanke yana jan ƙafa. Baba Saiti ya mayar da ma'aunin aljihu, ya tsaya. Sannan ya ɗaga ɗan yatsan nan da ya gyara kalandun duniya, ya sa a kusurwar ƙasa, ya tura. Kaɗan, faɗin farce. Wani ba zai gani ba.

"Maigida," ya ɗaga murya, "bangon nan naka yana da matsala. Sai an riƙa dubawa."

"Ni ma na lura," in ji Direba daga ciki, ruwa na zuba. "Ranar hutu ya fi karkacewa."

Baba Saiti ya sauka a hankali, yana riƙe da ƙarfen matakala. Titi ya cika da masu komawa gida, ba wanda ya san shi. Ɗakinsa na can yadda ya bar shi, da kujera ɗaya da madubi a tsaye cak. Amma a saman wani bene akwai hoton da ya fita daga hannunsa ba a saiti ba, abin yana ci masa rai tun daga yanzu, kuma ya san ba zai iya wuce mako da shi a haka ba.